Kafin a Tona, a Zuba Toka: Ta'aziyyar Malam Tasi'u Mai Zanen Gidaje

Zuwa ga Malama Furera da dukan iyalin marigayi a Madawa. Ni ce Zali, daga Galma, yau Juma'a tara ga watan Mayu na shekarar 2025. Amincin Allah ya tabbata a gare ku.

Na san abin da za ki fara tambaya, Malama, don haka bari in fara da shi. Maigida yana nan da sauƙi. Hannun hagu da ƙafar ba su dawo ba, amma yana cin tuwonsa, maganarsa kuma ta fi ta bara fita. Ɗan farina da ke bidar kuɗi a Agadas ya kira shekaranjiya, lafiyarsa lau. Matarsa ta yi kwana uku tana masassara, ta tashi. Jikata ƙarama tana tari, mun kai ta likita, sun ce zafi ne kawai. Ɗiyata Fiddausiya ce ba ta yi mini daidai ba. Ta rame, tana tsakurar abinci kamar baƙuwa, ko da yake tun jiya na ji ta yi dariya. Ni kuwa, ciwon kan nan da kika sani ya sake ni. Duk wanda na ƙirga yana nan. Mutum ɗaya ne ba ya nan, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami.

Ranar Talata takwas ga watan Afrilu, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Malam Tasi'u a asibitin Madawa, bayan jinyar kwana biyar, yana da shekara sittin da uku. Ina tankaɗen gari salula ta yi ƙara. Muryar Fiddausiya ce. Ta ce, "Inna, Malam ya cika." Na ajiye rariya na zauna a ƙasa. Na Allah muke, kuma duk wanda aka ba aron rai sai ya mayar ga Mai shi.

Malam Tasi'u, yanzu da kai zan yi magana, iyalinka su ji.

Ina da shekara arba'in da shida lokacin da matarka ta kama hannuna a ajin yaƙi da jahilci na garinmu, ta nuna mini yadda ake rubuta sunana. Shekara shida ke nan. Ban taɓa rubuta abin da ya wuce shafi ɗaya ba sai wannan. Na zo gaisuwa ranar uku, amma cikin taron mata ban iya faɗar komai ba sai "Allah ya jiƙansa". Abin da ke bakina ya fi haka yawa, shi ya sa na zauna na rubuta.

Zan fara da abin da nake jin kunyarsa. Ranar da aka ce mini ka rasu, bayan na yi salati na yi maka addu'a, abu na biyu da ya faɗo mini a rai shi ne gidanmu. Na ce a zuciyata, to, wa zai fitar mana da zanen? Na tsawata wa kaina, amma tunanin bai tafi ba. Ka yafe mini. Kai ka san dalili, amma 'ya'yanka da ke nesa ba su sani ba, bari in gaya musu.

A daminar bara, wata ranar Lahadi da la'asar, aka yi ruwan da ya tsaga bangon gabas na ɗakin maigida, tsagar da hannu ke shiga. Ruwa ya fara kwarara ta ciki, ƙasa tana zubowa daga rufi. Maigida yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye tun shekara biyu da suka wuce. Kekensa, wanda mai walda ya haɗa masa, bai taɓa shiga ɗakin ba, domin ƙofar ta yi masa kaɗan. A waje yake kwana. Ni da surukata muka naɗe bawan Allah a bargo muka ja shi har zauren maƙwabta, muna zamewa cikin taɓo. Da ya samu numfashi ya dube ni ya ce, "Zali, in aka koma irin wanga ruwa, ki bar ni, ki hidda yara." Tun daga ranar, ko gajimare na gani ya taso daga gabas sai in bar aikin hannuna in je wurin maigida. Na yi wa kaina alkawari cewa wata damina ba za ta same shi a wannan ɗaki ba, kuma ɗakin da zai shiga sai kekensa ya shiga ya fita da shi a kai.

Da sanyi ya shigo aka buga mana birgi, wato tubalin ƙasa, aka jera su suka bushe. Saura zane.

A lokacin Fiddausiya ta yi wata takwas tana koyon aiki a shagonka. Ta gama jarrabawar birbe ba ta samu ci gaba da karatu ba, tana zaune gidan ƙanwata a Madawa, sai Malama Furera ta ce a kawo ta wurinka ta koyi zanen gida a ordinatar, wato kwamfuta. Ban so ba. Na ce ɗiya mace me za ta yi cikin magina da masu felu, kuma mutane za su yi magana. Ka aiko mini da amsa ta bakin matarka. Ka ce, "Ki gaya wa Zali, maginin da zai raina ta sai ya fara iya karanta abin da ta zana." Na bar ta ta je, amma hankalina bai kwanta ba sai ranar da kuka zo Galma.

Kafin zuwanku, ɗan farina ya turo mana hoton gida ta salula, wanda wani abokinsa ya haɗa masa a na'ura. Gida ne mai kyau, da manyan tagogi na gilashi da ciyawa kore a ƙofa. Duk unguwa aka zo kallo. Na nuna maka ina murna. Ka daɗe kana dubawa, sannan ka ce, "Ya yi kyau. To, ina gabas a cikinsa?" Ba wanda ya sani. Ka ce, "Hoton nan bai san ta inda ruwa ke bugo mu ba. Bai san mijinki Hamidu ba ya tafiya ba. A bar shi a salula, yara su riƙa kallo." Maigida ya yi dariya har ya ƙware.

Ranar ba ka buɗe ordinatar ba sai da la'asar. Kai da Fiddausiya kuka auna filin da igiyar awo, gefe huɗu, sannan daga kusurwa zuwa kusurwa a gicciye, sau biyu. Na tambaye ka me ya sa, tun da takardar fili tana nan. Ka ce ba ka taɓa ganin fili a ƙauyukanmu mai kusurwa huɗu daidai ba, kuma lojisiyel, wato abin zanen da ke cikin ordinatar, duk abin da aka gaya masa yarda yake yi, ba ya musu. In aka ba shi awon ƙarya, zai zana gidan ƙarya mai kyau ƙwarai. Ka zuba ruwa buta ɗaya a tsakiyar fili ka tsaya kana kallon inda ya gangara. Ka auna gadon maigida. Ka auna randunan ruwa. Ka durƙusa, da shekarunka, ka auna keken daga ƙafa zuwa ƙafa, ka ce wa Fiddausiya ta rubuta santimetir tamanin. Ka ce mata, "Akwai keke a cikin lojisiyel, amma na wata ƙasa ne, siriri. Kada ki ɗauko shi. Ki zana na babanki."

Sannan ka zauna kan tabarma ka yi mini tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi mini. A ina nake girki da rani, a ina da damina. Ta ina hayaƙi ke bi. Baƙi maza a ina suke tsayawa. In na ɗauko tukunya mai zafi, taki nawa nake yi kafin in ajiye. Da hannun dama nake tura keken ko da biyu. Na ji nauyi, na ce ka tambayi maigida. Ka ce maigida ba ya girki.

Sauran abin da na sani na aikinka, daga littafin Fiddausiya na san shi. Ka sa ta riƙa rubuta ka'idojinka da Hausa, ba da Faransanci ba, a wani littafi mai jan bango. In ta zo gida ranar hutu nakan ɗauka in gwada karatuna a kai, domin rubutunta manya ne. Na karanta shi ya fi sau goma, har wasu wurare na haddace ba tare da na san ranar amfaninsu ba.

A shafin farko ka ce, kafin a ja layi ko ɗaya a duba da wane awo lojisiyel yake aiki, a mai da shi metir da santimetir, domin wasu da awon Ingilishi suke zuwa. Fiddausiya ta gaya mini cewa a satinta na farko ta zana ɗaki ba ta duba ba, da ka lissafa sai ka ce mata akuya ɗaya za ta shiga, amma ba za ta iya juyawa ba.

A shafi na biyu maganar kaurin bango ce. Lojisiyel yana zuwa da bango siriri, irin na bulon siminti. Namu na birgin ƙasa ya kai santimetir arba'in, na dutse irin na wajen Buza da Keita ya fi haka. In aka manta ba a canza ba, magini zai ci kaurin daga cikin ɗaki, gado ya ƙi shiga. Ka ce a rubuta awon cikin ɗaki, daga bango zuwa bango, domin a ciki mutum yake kwana.

Akwai inda ka ce kowane zane a sa masa kibiya biyu. Ɗaya ta arewa, saboda ma'aikatan buro. Ɗaya ta gabas, da babban rubutu, saboda mu, domin mutumin ƙauye da gabas yake gane inda yake. Ƙofa kada ta kalli gabas, ta nan ruwa da iska ke zuwa. Makewayi kada mai zama a cikinsa ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Indararo kada ya zuba gidan maƙwabci. Ka ce waɗannan uku ba su cikin kowane lojisiyel, sai dai a kan mai zane.

Akwai kuma shafin da Fiddausiya ta ja wa layi biyu a ƙasa. Wata rana ta yi aiki tun safe har azahar ba ta ajiye ba, aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, batirin ordinatar ɗinka kuma ya tsufa, komai ya tafi. Ta ce ta zauna tana jiran faɗa. Ba ka yi ba. Ka ce ta tashi ta yi salla ta ci abinci, ta dawo ta sake. Da ta dawo ka ce, "Daga yau, duk bangon da kika gama ki ajiye. Duk yamma ki kwafa a kile, ƙaramar ma'ajiyar nan da ake soka wa ordinatar. Kuma kada ki sa wa aiki suna 'sabon gida', domin duka sababbi ne. Ki sa sunan mai gida, da garinsu, da kwanan wata." Wannan ka'ida ce ta fara ceton mu. Kwana tara bayan rasuwarka, da Fiddausiya ta iya buɗe ordinatar ɗin, ta tarar da zanenmu a wurinsa, da sunan maigida, da Galma, da biyu ga Afrilu. Ka gama shi ana gobe za ka kwanta. Abin da ya rage kawai a fitar da shi a takarda.

Abin da na fi gode maka a kai shi ne rubutun cikin zanen. Ranar da ka fara nuna mini shi a fuskar ordinatar, na ga kalmomin Faransanci a cikin ɗakuna, na ce ya yi kyau. Ka dube ni ka ce, "Mi kika karanta?" Na ce ban karanta komai ba. Nan take ka goge su, ka rubuta ZAURE, MADAFA, MAKEWAYI, ƊAKIN HAMIDU, ƊAKIN ZALI, da manyan baƙaƙe. Na bi su da yatsa na karanta ɗaya bayan ɗaya. Ka ce wa Fiddausiya, "Zanen da mai gida ba ta iya karantawa, ba a gama shi ba." Ban taɓa ganin sunana a rubuce cikin ɗaki ba sai ranar.

Yanzu ga abin da ya faru bayanka, wanda ba ka gani ba.

Halidu magini, wanda ya yi shekara ashirin yana gina zanenka, ya ce in ba a tona harsashi kafin ƙarshen Afrilu ba, ba zai iya rufe gidan kafin ruwa ba. Fiddausiya tana Madawa tana taya Malama zaman takaba. Ta ɗauki kile ta je shagon da kake fitar da zane. Aka ce mata babbar takarda ta ƙare, sai an kawo daga Ƙonni. Mai shagon ya ce zai fitar mata a ƙarama, duk ɗaya ne, komai zai fito. Ta ga kuwa komai ya fito, bango da ƙofofi da rubutu. Ta naɗe ta ba direba ya kawo mana. Ranar Asabar da safe Halidu ya zo da mutanensa uku, da diga da felu, jakuna sun kawo ruwa.

Halidu yana da hanyar aikinsa da kai. Ba ya wahalar da idonsa kan ƙananan lambobi. Yakan ɗora ma'auninsa a kan takarda, ya san duk santimetir biyu a takardarka metir ɗaya ne a ƙasa. Shekara ashirin bai taɓa kuskure da haka ba, domin kai da kanka kake fitar da takardar ka miƙa masa. Ya auna, ya kafa sanduna, ya ja igiya. Ina tsaye daga ƙofar madafa ina kallo. Ɗakunan suka yi mini ƙanana a ido. Na ce a raina, fili in babu gini kullum ƙarami yake gani, kuma me na sani? Amma cikina bai yarda ba.

Na matsa na ce, "Malam Halidu, ba za a zuba toka ba?"

Al'adarka ce kowa ya sani. Kafin a tona, sai ka sa a bi igiya da toka, a fitar da gidan gaba ɗaya a ƙasa, a bar gurbin ƙofofi, sannan masu gida su shiga su zaga kamar an gina.

Halidu ya ce, "Zali, wagga toka hwa ta Malam ce, shi da son tsawaita aiki. Malam ya tahi, Allah ya jiƙanai. Rana tana yi, ruwan ga kuma in ya ƙare ba mu da wani yau."

Na koma madafa. Na tsaya. Na ji an buga diga sau ɗaya. Ban san lokacin da na dawo na ce ya ba ni takardar in gani ba. Ya ba ni yana murmushi, ɗaya daga cikin mutanensa ya ce, "A ba Malama ta duba muna." Rubutun ya ƙanƙance, sai da na kai shi kusa da ido. Na ga ZAURE. Na ga ƊAKIN ZALI. A can ƙasa, inda kake sa rubutun da ke fitowa a kowane zane naka ko ba ka sake rubuta shi ba, na ga layi biyu na rubutu, da wani miƙaƙƙen layi da aka ja kusa da su. Na karanta su da ƙarfi, a hankali, yadda matarka ta koya mini: "Kafin a tona, a zuba toka. A auna wannan layi, santimetir goma ne. In bai kai ba, kada a auna takardar nan."

Halidu ya ce, "Haka ya rubuta?" Na ce haka ya rubuta. Ya cire hularsa ya sosa kai ya mayar. Ya ce, "To, kawo tokar. Ko a kabari Malam bai bar mutum ya huta ba."

Na kwashe tokar murhuna, surukata ta karɓo ta maƙwabta. Aka bi igiya. Gidan ya fito fari a ƙasa. Muka ɗora maigida a kekensa na turo shi ta zaure. Da muka zo ƙofar ɗakinsa na daidaita keken sosai, na tura. Ƙafar dama ta taka toka, ta hagu ma ta taka. Na ja baya na sake gwadawa. Haka dai. Sawu biyu suka fito a kan farar toka, ɗaya kowane gefe, a daidai inda bango zai tsaya. Da an tona, da an gina mana irin ɗakin da muka gudo daga cikinsa, da sabon birgi.

Na tura shi ciki duk da haka. Maigida ya dubi layin toka ta dama, ya dubi ta hagu, ya ce da muryarsa mai nauyi, "Halidu, ɗaki kake gina min ko kushewa? In kushewa ce, ka ƙara tsawo kaɗan." Mutanen Halidu suka fashe da dariya. Halidu bai yi ba. Ya ɗauko ma'auninsa ya ɗora a kan layin da ka ce a auna. Ya duba, ya sake dubawa, ya miƙo mini in gani da idona. Bakwai ne da ɗan kai. Na'urar shagon ta matse zanen duka don ya shiga ƙaramar takarda, ƙofar da ka yi metir ɗaya ta koma santimetir saba'in.

Na kira Fiddausiya. Da na gaya mata sai ta fara kuka. Ta ce, "Inna, yana shafi na bakwai. Ya ce kada in yarda na'ura ta daidaita zane da takarda, a fitar da shi ɗari bisa ɗari, kuma in auna layin tun a shago kafin in fita. Na sani, Inna. Na manta." Na ce mata ba a tona ba. Ta ce, "Ba a tona ba?" Na ce diga ɗaya aka buga. Sai da na faɗa mata sau uku.

Kwana biyu muka jira babbar takarda. Kwana biyun nan ban daina kallon gabas ba. Ranar Litinin Fiddausiya ta zo da kanta, da takardar a naɗe da ma'auni a jaka. A gaban Halidu ta auna layin, goma cif. Ta tsaya cikin rana tana karanta masa lambobi ɗaya bayan ɗaya, shi yana jan igiya. Da farko yana ce mata "ɗiyata". Kafin azahar na ji ya ce, "Malama, nawa kika ce nan?" Aka sake zuba toka. Na turo keken ya wuce ta ƙofa bai taɓa komai ba, muka shiga, muka juya a tsakiyar ɗaki yadda ka zana, muka fito. Maigida ya ce a sake. Muka sake.

Halidu ya ƙara mutum biyu, maƙwabta suka taimaka da ɗaukar birgi. Jiya Alhamis aka buga kwano na ƙarshe. Ba a yi yaɓe ba tukuna, ba a sa tagogi ba, amma akwai rufi. Ƙofar tana kallon yamma. Babu dokin ƙofa, sai 'yar gangara da ka sa. Da yamma muka shigar da maigida a kan kekensa, ni kaɗai na tura, da hannu ɗaya. Yau da safe na ga gajimare ya taru a gabas, na tsaya na kalle shi, na ci gaba da shara.

Malam Tasi'u, ba ka gina masallaci ba, ba ka haƙa rijiya ba, sunanka ba ya jikin kowane bango. Amma daga Urno zuwa Azarori akwai gidajen da ruwa ba ya shiga ta ƙofa saboda ka tambaya ina gabas. Ka girmama magini, ka girmama mace mai girki, ka durƙusa ka auna keken gurgu. Ka koya wa ɗiyata sana'a ba ka taɓa ɗaga mata murya ba. Ka rubuta layi biyu a ƙasan takarda saboda ranar da ba ka nan, kuma ranar ta zo.

Allah ya jiƙanka da rahama. Allah ya yalwata maka makwancinka fiye da yadda ka yalwata wa mijina ɗakinsa. Allah ya haskaka kabarinka, ya sauƙaƙa maka tambaya, ya yafe kurakuranka, ya sa duk wanda ya kwana lafiya ƙarƙashin rufin da ka zana ya zama shaida a gare ka. Allah ya gina maka gida a Aljanna.

Malama Furera, ina yi miki ta'aziyya, ni da maigida da dukan gidanmu. Ina yi wa 'ya'yansa da jikokinsa da 'yan'uwansa. Halidu ma ya ce in sa sunansa. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsare bayansa, ya sa ku gama da duniya lafiya.

Saura magana ɗaya. Ordinatar ɗin marigayi tana hannun Fiddausiya tun ranar da ya kwanta, kuma mun san kayan magada ce. Za mu kawo ta ranar sadakar arba'in, Asabar sha bakwai ga wata. Amma da Fiddausiya tana kwafe ayyukan mutane a kile don kada su ɓata, ta ga wani zane da ba ta san da shi ba. Sunansa "Ɗakin Furera, Madawa, ɗaya ga Afrilu". Ɗaki ɗaya ne da rumfa, a gurbin naki na yanzu da kika ce mini yana yoyo. Ya sa gadonki, ya sa akwatin littattafanki, ya sa taga a inda haske zai faɗo wa mai karatu. Ƙofa kawai bai sa ba. Ban sani ba ko ya gaya miki.

Fiddausiya tana so ta ƙarasa shi, amma ta ce ba za ta sa ƙofar ba sai kin faɗi inda kike so. Halidu ya ce in kin yarda zai zo da mutanensa, kuma yana ganin za a iya rufewa kafin ruwa ya zauna, in ba a ɓata lokaci ba. Don Allah ki yi shawara da 'ya'yanki, ki aiko mana da amsa kafin ranar Alhamis sha biyar ga wata, domin Fiddausiya ta samu ta riga mu zuwa Madawa ta tabbatar akwai babbar takarda. In ba kya so, ki faɗa, ba za mu ji komai ba. In kina so, kada ki nemi komai. Tokar ni zan kawo.

Ɗalibarki,
Zali, Galma